G'Kar, Jakadan Narnawa, da Tambayar da Ta Gagare Shi



Da aka ce mu 'yan ƙasar Anka za mu yi magana a daren nan, mun san da yawa sun zaci batun zinariya za mu ɗauko, ko kuwa batun tsaro, tun da yake da su aka san yankinmu a jaridu. Sai ga shi mun zo da labarin wani dodon talabijin wanda ko mutum ba shi ne ba. Muna roƙo a yi haƙuri a biyo mu, gama hanyar za ta ɓulle gida. Kuma ba yau Bahaushe ya fara jin labarin baƙi daga sararin samaniya ba. Tun a 1969 Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaron nan Kilba ya kai shi yawo can sama. Wanda ya karanta wannan littafi a makaranta ba zai ce mun zo da bidi'a ba.

Wasan da muke nufi sunansa Babylon 5, watau Babila ta Biyar. Wani Ba'amurke, J. Michael Straczynski, shi ya ƙago shi, aka nuna shi daga Janairu 1994 zuwa Nuwamba 1998, kashi 110, shi kaɗai kuma ya rubuta 92 daga ciki. An gama shi tun ba a haifi yawancinmu ba. Mu a waya muka kalle shi, mutum huɗu ko biyar kan gado guda. Labarin ya fara a shekarar 2258, cikin wata tasha da aka gina a sararin samaniya, tsawonta mil biyar, mazaunanta 250,000, inda jakadun duniyoyi daban-daban suke zama don sasanta rigingimu, kamar dai Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin jakadun nan akwai biyu da ba sa ga maciji da juna. Ɗaya Londo Mollari, jakadan daular Santauri, tsohon ɗan sarauta, mashayi, ɗan caca, gashinsa a miƙe kamar jelar ɗawisu. Ɗayan kuwa jakadan Narn, ƙato mai jajayen idanu, kansa ba gashi, fatarsa dabbare-dabbare kamar ta damisa. Ana rubuta sunansa G'Kar, ana faɗinsa kamar a ce Jikar. Kada wani ya ji mun ce haka ya tambaya jikar wa; namiji ne, jarumi kuma.

Ƙiyayyar G'Kar tana da tushe, wannan kuwa shi ne abin da ya raba shi da sauran dodannin da ake cika wasanni da su. Duniyar Narn dā ƙasa ce mai ni'ima, ga dazuzzuka, ga noma, mutanenta ba ruwansu da yaƙi. Santaurawa suka sauko musu da jirage, suka bautar da su fiye da shekara ɗari, suka sare itatuwa, suka haƙe ma'adinai har ƙasar ta koma jan turɓaya da iska mai ƙura. Mahaifin G'Kar bara ne a gidan wani Basantaure. Wata rana abin sha mai zafi ya kuɓuce masa ya zube wa uwargidan, sai ta sa aka rataye shi ta hannuwa a jikin itace har kwana uku. A daren ƙarshe yaron ya saci jiki ya je wurinsa, uban ya yi masa wasiyya ya tafi ya yi yaƙi, sa'an nan ya cika. Daga nan G'Kar ya gudu ya shiga cikin masu tawaye, bai kuwa daɗe ba ya kashe Basantauren farko. Da irin wannan yaƙin sari-ka-noƙe Narnawa suka gajiyar da masu mulkinsu har suka kwashe nasu ya nasu suka tafi.

To, jama'a, wane ne a cikinmu zai ji wannan ya ce G'Kar ba shi da hujja? Amma dubi abin da 'yanci ya mai da Narnawa. Suka zama masu cinikin makamai, suka shiga mamaye ƙananan maƙwabta. A kashi na farko na wasan, jiragensu suka afka wa Ragesh 3, wani matsugunin manoma Santaurawa wanda ba shi da ko bindiga, G'Kar kuwa ya miƙe a majalisa yana kāre abin da ƙarya da murmushi. Manoman nan ba su suka rataye ubansa ba. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Wurin da muke so a tsaya a kai sosai yana cikin shekarar farko ta wasan. Wani mutum mai fara'a, sunansa Morden, ɗan aiken waɗansu tsofaffin halittu ne da ake kira Inuwoyi, ya bi jakadu ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambaya guda: me kake so? G'Kar ya nemi ya sallame shi, mutumin ya nace. Da aka matsa masa sai tulun ya fashe. Ya ce yana so ya ga an rushe biranen Santaurawa, an niƙe ƙasusuwansu, an barbaɗa wa gonakinsu gishiri, an shafe su har ba mai tunawa an taɓa yin su. Morden ya saurara har ya gama, kana ya ce, sa'an nan kuma fa? Nan G'Kar ya yi turus. Mutumin da magana ba ta taɓa yanke masa ba ya rasa ta cewa, sai ya ce in dai ƙasarsa ta tsira, bai ga abin da ya dame shi da sauran ba. Morden ya yi godiya ya fita. Wurin Londo ya sami abin da yake nema, gama shi Londo burinsa ba shi da iyaka: a mai da daularsa kan girmanta na dā.

Mun maimaita kallon wannan wuri ya fi a ƙirga. Mutum ya shekara talatin da wani abu yana kwana yana tashi da abu guda a zuci, ya san yadda yake so maƙiyinsa ya mutu dalla-dalla, amma bai taɓa zama ya zana wa kansa safiyar da za ta biyo baya ba: wa zai yi shuka, me za a koya wa yara, wa zai yi shari'a tsakanin mutum da ɗan'uwansa. Ko shaiɗanun wasan ma ba su ga amfaninsa ba.

A shekara ta biyu tsohon Sarkin Santauri, Turhan, ya taso da rashin lafiya ya zo tashar. G'Kar ya rubuta wasiyyarsa, ya ɓoye wuƙa, ya shirya kashe shi a bainar jama'a. Kafin ya kai gare shi sarkin ya yanke jiki ya faɗi. Daga baya likita ya kawo masa saƙo cewa abin da ya kawo tsohon shi ne ya tsaya gaban Banarne ya nemi gafara a madadin mutanensa. G'Kar ya rikice. Ya fita ya nemo Londo, ya saya masa abin sha, ya ce watakila akwai sauran fata. Bai sani ba, a daidai wannan lokaci Londo ya riga ya sa Inuwoyi sun hallaka wani babban matsugunin Narnawa. Wannan kashi ya ci kyautar Hugo a 1996, mu kuwa ba mu ga laifin alƙalan ba. Yaƙi ya ɓarke, aka ci Narn, Santaurawa suka yi kwana huɗu suna jefo mata manyan duwatsu daga sama, makamin da dukan dauloli suka haramta, Londo yana tsaye bakin tagar jirgi yana kallo, bai ce uffan ba. Cikin sharuɗɗan miƙa wuya har da cewa duk Banarnen da ya kashe Basantaure ɗaya, za a kashe Narnawa 500, da iyalinsa a ciki.

Abubuwa biyu suka faru bayan haka, dukansu a cikin ɗan akwatin nan mai hawa da sauka da mutane. Na farko, Vir Cotto, ƙaramin ma'aikaci a ofishin Londo, ya tsinci kansa shi da G'Kar su biyu, ya yi ta maza ya ce ya ba da haƙuri. G'Kar ya zaro wuƙa ya tsaga tafin hannunsa, jini yana ɗiga, kowane ɗigo yana kiransa gawa, kana ya tambaye shi ta yaya zai ba waɗannan haƙuri. Vir ya ce ba zai iya ba. G'Kar ya ce to shi ma ba zai iya yafewa ba. Na biyu, bom ya tashi, akwatin ya maƙale da G'Kar da Londo, wuta tana ci a waje, hayaƙi yana shigowa. Londo ya ce su haɗa ƙarfi su ɓalle ƙofa. G'Kar ya zauna ya miƙe ƙafa yana dariya har da hawaye, gama ga dama ta samu ya ga mutuwar maƙiyinsa ba tare da ya taɓa shi ba, balle a kashe masa mutum 500. Cewa shi ma zai mutu a ciki, wannan bai dame shi ba ko kaɗan. Masu kallo suna dariya a nan, mu ma mun yi, amma dariya ce da ke barin ɗaci a baki.

Yanzu bari mu faɗi abin da ya sa labarin ƙasar da aka haƙe ta koma ƙura ya kama mu fiye da yadda zai kama wani. A 2010 yawancinmu ba mu wuce shekara bakwai ko takwas ba. Zinariya ta yi tsada a kasuwannin duniya, mutanenmu suka bar garma suka shiga rami. Ana kawo duwatsu cikin gida a farfasa, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san duwatsun nan cike suke da dalma. Agwagi suka fara ƙarewa, ba a kula ba. Sai yara suka shiga amai da suma da taune-taune. A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka da na Nijeriya suka bi gida gida a Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum, suka ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. A yankin gaba ɗaya, da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru da Bagega, an rasa yara 400 ko fiye. Ƙannenmu ne, tsararrakin ƙannenmu ne. Waɗansu da suka rayu sun tashi da makanta ko raunin ƙwaƙwalwa.

Masifa ce mai girman da za ta haifi G'Kar dubu, amma ba ta haifa ba, domin ba ta da fuska. Uban da ya rasa ɗa, shi da hannunsa ya ɗauko dutsen, don ya ciyar da ɗan. Tun da ba wanda za a farauta, dole tambayar Morden ta sami amsa ta gaskiya: me muke so? Muna so yara su daina mutuwa. Amsar nan kuwa tana da aiki a cikinta wanda hannu zai iya kamawa. Tun kafin damina ta kankama a 2010, mutanen Dareta da na 'Yargalma, tare da injiniyoyin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith da ma'aikatan jiha, suka ɗauki fartanya da shebur suka kankare ƙasar saman kowane tsakar gida, wajen santimita biyar, aka kai rami aka binne, aka zubo sabuwa mai tsabta. Sai bayan an yi haka ake ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, gama ba amfani a wanke shi a mai da shi cikin guba. Aiki ne marar daɗin labari, ba wanda zai yi wasan talabijin a kansa. Mutuwar dai ta tsaya, har MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022.

Masifa ta biyu da ta same mu ita tana da fuska, ko kuwa mun yi mata. An sace shanu, an kashe wanda ake zargi a kasuwa ba tare da shari'a ba, 'yan'uwansa suka ƙone ƙauye, 'yan sa kai suka ƙone ruga, aka tashi daga neman ɓarawo aka koma neman kabilarsa. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu 2022 'yan bindiga suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna kisa. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58, mazauna suka ce kusan 200, rahotanni kuma suka danganta abin da ramuwa kan ruwan wutar da jiragen soja suka yi wa sansanoninsu kwanaki kaɗan kafin nan. Manomin da aka harbe a bakin rumbunsa bai taɓa tuƙa jirgi ba. An bar jaki ana dukan taiki, Ragesh 3 ke nan a ƙofar gidanmu. Ba muna daidaita ɗan ta'adda da wanda ya tashi kāre garinsa ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin da muke cewa shi ne, duk wanda ka tambaya cikin masu ɗaukar fansa, ta kowane ɓangare, zai ba ka labarin ubansa da aka rataye, sau da yawa kuma labarin gaskiya ne. Ka ce masa sa'an nan kuma fa, ka ji shiru. Malamanmu na shari'a da ke zaune a nan sun fi mu sanin hikimar da ta sa aka ba mai jini zaɓi tsakanin kisasi da diyya da afuwa, amma aka ɗora zartarwa a hannun alƙali, aka kuma tsai da ita kan wanda ya yi laifin shi kaɗai.

Mu koma wurin G'Kar. A shekara ta uku ya sha wata ƙwaya mai ba mutum ikon kutsawa cikin zuciyar wani, ya lakaɗa wa Londo duka, ya tone asirinsa duka. Yana tsakiyar haka sai ya ga surar mahaifinsa, wanda ya nuna masa cewa in aka ci gaba a haka har ba Banarne ba Basantaure, ba wanda zai rage da zai damu da wa ya fara. Masu kallo sun san aikin Kosh ne, jakadan wata tsohuwar al'umma, ya ari siffar uban. A nan muna da ƙorafi kan marubucin: ya sauƙaƙa wa kansa, domin mu a Anka ba mu da wani Kosh da zai shiga mafarkin kowa. Amma abin da ya biyo baya ya wanke shi. G'Kar ya tsaya gaban alƙali ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi kwana 60, a kurkukun ya fara rubuta littafi.

Sa'an nan aka gwada shi gwajin da ya fi na dā. Ya faɗa hannun mahaukacin sarki Cartagia, aka yi masa bulala, aka ƙwaƙule masa ido ɗaya don kawai sarki bai ji daɗin kallon da yake masa ba. Londo, wanda ya ga sarkin zai hallaka daularsu, ya zo masa kurkuku da ciniki: ka taimake ni mu kau da shi, in sakar maka ƙasarka. Aka yi haka, Londo kuma ya cika alkawari. Narnawa suka taru suna farfasa fadar da aka bari, suka ce G'Kar ya hau mulki shi kaɗai ya ja su su rama. Ya ƙi duka biyun. Ya ce bai taimaka aka tumɓuke azzalumi don ya gaje shi ba. Wani daga cikinsu ya dube shi, da ido ɗaya da tabon bulala, ya tambaye shi wai shi wace wahala ya sha. G'Kar ya fashe da dariya ya fita.

Kada a ɗauka ya zama waliyyi mai yafe kome da murmushi. Da Londo ya zo ɗakinsa da kwalba yana neman su sa hannu kan wata sanarwa tare, G'Kar ya juye abin shan cikin kwalbar ya sallame shi. Daga baya ya yarda zai sa hannu, amma ba a shafi ɗaya da na Londo ba. Mu dai wannan ya fi mana kama da sulhun da za a iya yi a ƙasarmu fiye da rungume-rungumen da ake yi gaban masu ɗaukar hoto. Sai can kusa da ƙarshen wasan ya gaya wa Londo cewa mutanensa ba za su taɓa yafe wa Santaurawa ba, amma shi, a kan kansa, ya yafe wa Londo.

Yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi sahunku in Allah Ya yarda, akwai namu a wasan nan, shi ne Vir. Bayan an ƙi karɓar haƙurinsa bai koma ya nemi a karɓa ba. Ya ƙago wani babban jami'i na ƙarya mai suna Abrahamo Lincolni, da sa hannunsa ya fitar da Narnawa wajen 2,000 daga sansanonin bauta, a takarda an rubuta sun mutu, alhali suna can ana jinyarsu. Ba muna koya wa kowa jabun takardu ba ne, shugaban taro ya shaida. Abin lura shi ne takarda tana kashewa tana rayawa. An yi alkawarin kuɗin share Bagega a 2012, ba a sake su ba sai a farkon 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal da ƙungiyar Human Rights Watch sun yi ta kururuwa. Duk watannin nan fayil yana kan teburin wani, yara kuwa suna wasa cikin ƙurar.

Tun a kashi na farko Londo ya faɗi cewa ya yi mafarkin mutuwarsa: bayan shekara ashirin shi da G'Kar za su mutu hannun kowa a wuyan ɗan'uwansa. Kowa ya ɗauka ƙarshen gaba ke nan. Da aka nuna ranar, a shekarar 2278, Londo ya zama sarki, amma wata muguwar halitta tana manne a kafaɗarsa tana juya shi yadda ta so. Ya bugar da ita da giya ta yi barci, ya saki waɗansu fursunoni, kana ya kira tsohon abokin gabarsa ya roƙe shi ya kashe shi kafin ta farka ta hana su tsira. G'Kar ya sa hannu. Halittar ta farka, ta ɗaga hannuwan Londo zuwa wuyansa. Vir ne ya shigo ya tarar da gawarwakin biyu.

Wanda ya fito a matsayin G'Kar, Andreas Katsulas, Ba'amurke ne ɗan asalin Girka, ya rasu a Fabrairu 2006. A ƙuruciyarsa yana cikin 'yan wasan Peter Brook da suka ƙetaro Sahara da mota a ƙarshen 1972, suka biyo ta Agadas da Damagaram har Kano, suna shimfiɗa darduma a dandalin gari suna wasa ba tare da sun ji harshen masu kallo ba. Watakila cikin iyayenmu akwai wanda ya tsaya a gefen dardumar nan ya kalle shi, shekara ashirin kafin a lulluɓe masa fuska da fatar Banarne.